Hadarin da ya wuce ta kanmu, ina ya nufa?

Yau teku za mu shiga, ko da yake da yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba sai a talabijin.

Kowane manomi ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa. Sai a yi kwana uku ko huɗu shiru, zufa ta ishi kowa, sannan gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta yi gaba, ruwa ya biyo baya. To wannan tazarar akwai dalilinta. Can sama, kimanin kilomita 3 daga ƙasa, akwai wata iska mai gudu zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da damshin gaɓar tekun Gini ke haifarwa. Ba a miƙe take tafiya ba, lanƙwasa take yi, kuma kowace lanƙwasa tana tara gajimare. Daga wajajen tsaunukan Habasha da Darfur abin yake farawa, ya ratsa Cadi, ya bi ta kanmu, ya wuce Mali, ya faɗa tekun Atlantika ta Sanagal da Gini. A shekara akan samu irin wannan kusan 60.

Yawancinsu a teku suke mutuwa, ba wanda ya ji labarinsu. Amma kaɗan da suka rayu, su ne tushen mafi yawan manyan guguwar da ke afka wa tsibiran Karebiyan da kudancin Amurka. Wato ruwan da ya jiƙa gero a Damagaram yau, zai iya zama abin da zai kwashe rufin gidaje a wata nahiya bayan kwana goma sha.

Me ke raba mai rai da matacce? Teku ne da kansa. Sai zafin saman ruwa ya kai digiri 26 da rabi a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗumin ya nutsa har kamar mita 50. Tururin da ke tashi daga nan shi ne makamashin guguwa. Sannan iskar sama da ta ƙasa kada su saɓa da yawa, don in sun saɓa, gajimaren kan kwanta kamar hayaƙin murhu da iska ta buga, ba ya samun tsayawa balle ya yi juyi. Juyin kansa kuma ba ya samuwa dab da layin Ikwaita, sai an yi nisan kamar digiri 5. Wannan na cikin abin da ya sa Legas da Akara ba su san irin wannan bala'i ba. Ga shi kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi kan taso daga ƙarƙashin tekun Gini, lokacin da masuntan Gana ke cika jiragensu da kifi.

Idan gudun iska ya kai kilomita 63 a awa, sai a raɗa wa abin suna. Idan ya kai 119, ya zama mahaukaciyar guguwa. Ku tuna da guguwar Irma a 2017. A ƙarshen Agusta ta haɗu kusa da tsibiran Cape Verde, yamma da Dakar. Ranar 6 ga Satumba ta isa tsibirin Barbuda da iska mai gudun kilomita 285 a awa. Kusan babu ginin da ya tsira, sai da aka kwashe mutanen tsibirin kaf.

Abin da ya fi burge ni shi ne, mai kashe wutar ma daga wajenmu yake. Ƙurar Sahara, busasshiya mai zafi, kan hau saman tekun musamman daga Yuni zuwa tsakiyar Agusta, ta shanye damshin da gajimare ke bukata. A Yunin 2020 ƙurar ta yi kaurin da har sararin Puerto Rico ya yi hazo irin namu na hunturu. Sai ƙura ta lafa, teku kuma ya gama ɗumama, sannan abin ya kankama. Shi ya sa, ko da yake lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ganiyarsa tana wajen 10 ga Satumba.

Cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka da ke Miami tana fitar da bayanin halin wannan teku sau huɗu a rana: inda kowace lanƙwasa ta kai, ƙarfin iska, da tsawon igiyar ruwa. Matuƙan jiragen ruwa da shi suke kwana, da shi suke tashi. Kuma ba sai da guguwa teku ke kisa ba. Iskar yau da kullum da ke kaɗawa daga arewa maso gabas ta isa. A Mayun 2021 masunta a Tobago suka tsinci wani kwale-kwale ɗan Muritaniya cike da gawarwaki. Tsibiran Kanari mutanen cikinsa suka nufa, iska da ruwa suka ja su har ƙetaren teku.

Sai ku lura da wani abu in kun ji ana karanta irin wannan bayani. Idan aka ce igiyar ruwa mita 2 da rabi ce, ba ita ce mafi tsawo ba. Akan ɗebi kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin ne, waɗanda suka fi tsawo, a fitar da matsakaicinsu. Jefi-jefi sai wata ta taso kusan ninki biyu, mita 5 ke nan, ta fi katangar gida tsawo nesa ba kusa ba, a kan jirgin katako da aka loda wa mutane har baki.