Daga Maƙerar Gaya Zuwa Madubin Zamani



Tarihin da muka gada daga kakanni ya nuna cewa maƙeran Gaya, wato Abagayawa, su ne suka bi sawun tama har Dutsen Dala, aka sami tushen birnin Kano. Saboda haka in mun tsaya yau muna zancen ƙira, gadonmu muke taɓawa. Sai dai ƙirar da ke juya duniya yanzu ta madubi ce.

Akwai haske iri-iri da ido ba ya gani. Ɗaya shi ne eksire, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Maƙwabcinsa shi ne matsanancin altarabayolet, mai tsawon zango nanomita 13.5. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Da wannan haske ake zana ƙananan hanyoyin lantarki a ƙwaƙwalwar manyan wayoyin hannu tun 2019.

Wahalarsa ita ce gilashi yana shanye shi, iska ma haka. Dole a zuƙe iskar injin, a kuma sarrafa hasken da madubai kaɗai. Kamfanin Zeiss na Jamus ke ƙera su, yana jera shimfiɗun molibdenum da silikon bi da bi, kusan ɗari, duk da haka kashi 70 cikin ɗari kawai madubin ke mayarwa. Santsinsa kuwa, da za a faɗaɗa shi ya kai girman ƙasar Jamus, tudun da ya fi tsawo a kansa bai kai milimita ɗaya ba. Kamfani guda tak, ASML na Holan, ke harhaɗa injin.

Shi eksire ya fi taurin kai, don ratsa madubi yake yi, sai an karkata madubin ya goge shi a kaikaice, kamar yadda yara ke cilla tsingaro ya yi tsalle a kan ruwan kududdufi. Da wannan dabara ake tattara hasken injin sinkurotoron, inda masana ke leƙa cikin ƙasar noma da ƙwayoyin cuta.

To, ina muke? An buɗe injin SESAME a Jodan a 2017. Masanan Afirka sun taru a Grenoble ta Faransa a 2015 don neman namu, amma har yanzu nahiyar ba ta da ko ɗaya. Mai binciken ƙasar gonakin Ajingi da irin wannan haske sai ya ƙetare teku, ya jira layi a gidan wani.

'Yan'uwa, jami'ar kimiyya tana nan Wudil kusa da gida, ga ta Bayero, ga cibiyar binciken makamashi a Zariya. Mu da ke aji mu rungumi lissafi da fiziks. Ku da ke ofis, ranar rabon kuɗi ku tuna da ɗakunan gwaji na sakandarenmu. Kakanninmu da hannunsu suka narka tama, kada jikokinsu su ƙare a saye kawai.