CIWON SUKARI: A GWADA JINI TUN KAFIN A KWANTA



Mun zaɓi mu yi magana a kan ciwon sukari ne saboda ya shiga gidajenmu da yawa, musamman mu da muka baro gida muka zauna birane. Iyayenmu sun rayu da fartanya da tafiyar ƙasa da tuwon dawa. Mu kuwa daga mota sai kujerar ofis ko bencin shago, ga farar shinkafa da burodi da lemon kwalba. Idan aka haɗa wannan zama da ƙiba da gadon ciwon, bango ya tsage ke nan.

Asalin ciwon shi ne, akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai samar da sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukari cikin tsoka domin jiki ya sami ƙarfi. Idan sinadarin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina karɓarsa, sai sukari ya taru a jini, a hankali ya lalata idanu da ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙafa. Alamominsa sun haɗa da yawan fitsari da ƙishirwa, rama, kasala, dushewar gani, da gyambon da ya ƙi warkewa.

Sai dai yakan yi shekaru ba tare da wata alama ba. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta nuna fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Gwaji kaɗai ke tabbatarwa. A kwana ba a ci komai ba na awa 8, a auna jini. Idan ya kai miligiram 126, aka sake gwadawa ya maimaita, to ciwon ne. Daga 100 zuwa 125 kuwa gargaɗi ne.

Wanda aka samu da shi kada ya karaya. Tun daga 1922 ake ceton rayuka da allurar insulin, ga kuma ƙwayoyi irin su metformin. A rage tuwo da zaƙi, a ƙara wake da zogale da alayyafo, a yi tafiyar minti 30 aƙalla kwana 5 a mako, a duba ƙafa kullum. Kada a bar maganin asibiti don jiƙon masu tallar lasifika. Mai niyyar azumi ya fara ganin likita.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta saya wa asibitin garinmu na'urar gwajin sukari, a auna kowa idan mun taru da Sallah, mu da iyayen da muka bari a gida.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.