Rani da Damina a Zuciyar Mutum

Jawabin da aka yi wa jama'a ran taron murnar cikar shekara 50

 An ba mu ɗan lokaci mu yi magana. Abin da mu ke so mu sa a gabanku shi ne yadda mutum zai riƙe kansa sa'ad da zamansa ya sake, watau sa'ad da abin da ya saba da shi ya wuce, sabon kuwa bai tsaya da ƙafafunsa ba tukuna.

Kalman nan Jubili, da a ke kiran irin taronmu da ita, daga bakin Ibraniyawa ta fito. Asalinta ƙahon rago ne da a kan busa domin a sanar da shekarar. Bisa ga dokarsu, kowace shekara ta bakwai a kan bar gona ta huta. A shekara ta 50 kuma ba shuka ba girbi, kowa ya koma gādonsa, bawa ya sami 'yanci. To, idan ƙasa wadda ba ta da numfashi an ga ya kamata a ba ta hutu, ina ga zuciyar ɗan Adam?

Ku dubi wurin nan. Waɗanda aka goyo su shekara 50 da suka wuce, yau su ke goyon jikoki. Waɗansu da suka zauna a gaba, tabarmarsu ta zama wofi. Babu wanda ya zo taron nan wanda lokaci bai juya shi ba.

Kowane lokaci da nasa aiki

Mu mutanen ƙasar Nijar, daga Tawa zuwa Maraɗi har Damagaram, ba sai an koya mana lokatan shekara ba. Damina ta kan sauka wajen watan Yuni ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Bayanta kaka, a yi girbi a cika rumbu. Sa'an nan ɗari da hazo, sa'an nan bazara, lokacin da zafi ya kan wuce digiri 40, rijiya ta yi nisa, dabba ta rame. Wata huɗu na ruwa, wata takwas na jira. Duk da haka ba mu taɓa ganin manomi ya tsaya cikin gonarsa a watan Afrilu yana zagin ƙasa domin ba ta fid da zangarniya ba. Ya san lokacin sassabe ne da kai taki, sai ya yi sassabe ya kai taki.

Amma abin da ba mu yi wa gona, shi mu ke yi wa kanmu. Ga mace, mijinta ya rasu wata uku ke nan, tana faɗa wa kanta, "Har yanzu ban daina kuka ba, ashe ba ni da haƙuri." Ga saurayi ya tafi cin rani Kano ko Abijan ko Libiya, ya komo hannu wofi, ya ƙi fita dandali don kunya. Ga malami ya yi shekara 30 yana koyarwa, ya yi ritaya, gari ya waye ba wanda ya ke jiransa, sai ya ce ya zama tsohon kwando. Ga amarya an kai ta garin da ba ta san kowa ba, ana yi mata barka, ita kuwa tana ɓoye hawaye tana ganin kanta marar godiya. Dukansu suna cikin bazara, suna neman amfanin kaka a wurin kansu.

A shekarar 1967 waɗansu likitoci biyu na Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera abubuwa 43 da kan sake zaman mutum, suka ba kowanne awo gwargwadon nauyinsa. Mutuwar miji ko mata suka sa 100, rabuwar aure 73, kora daga aiki 47, ritaya 45. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, aure da kansa sun sa shi 50, samun ciki kuma 40. A ƙasarsu suka yi awon, ba lalle ya yi daidai da namu a kowane wuri ba, amma gaskiyar da ke ciki ta kowa ce: ko canji na alheri kaya ne, wanda ya ɗauke shi kuwa zai gaji. Gajiyar amarya ba butulci ba ce.

Abu biyu mu ke so mu roƙe ku a irin wannan lokaci. Na fari lura, na biyu tausayi.

Na fari: a lura

Lura ita ce mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da ke faruwa yanzu, cikin jikinsa da zuciyarsa da kewayensa, ba tare da ya yi hanzarin yanke masa hukunci ba. Zuciyar mai damuwa kamar akuyar da ta tsinke igiya ta ke: yanzu tana cikin jiya tana cewa "da na sani", an jima tana cikin gobe tana cewa "ina za mu sa kanmu". Jiya ta wuce, gobe ba ta zo ba, yau kuwa an bar ta ba mai tsaro.

A shekarar 1979 wani malami mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a asibitin Jami'ar Masacusets a Amurka, domin masu ciwon da ya daɗe da masu yawan damuwa. Ya samo tushen hanyarsa daga irin zaman natsuwa na mabiya Buda a ƙasashen Asiya, ya mai da ita darasin asibiti na mako 8. Tun a farkon darasin a kan ba mutum busasshen inabi, a ce ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya dube ta, ya sansana, ya tauna a hankali kamar bai taɓa ci ba. Da yawa su kan yi mamaki, gama sun shekara suna ci ba su san ɗanɗanon abin da su ke ci ba. Yau ana koyar da darasin nan a asibitoci na ƙasashe da yawa.

Sunan ne baƙo, aikin kuwa mun gāje shi. Makiyayi ya kan dubi tafiyar saniya ya san ba ta da lafiya tun ba ta kwanta ba. Tsoho ya kan ji iskar gabas ya ce a shigar da shanya. Sai dai idon da mu ke duban saniya da hadari da shi, ba mu cika juyo shi ga kanmu ba.

Ku ji abin da ido mai lura ya yi a ƙasan nan. A shekarar 1983 wani ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi, mafi yawan abin da a ke dasawa kuwa mutuwa ya ke yi. Wata rana ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin waɗanda a ke sarewa kowace shekara lokacin sassabe. Ya matsa ya dubi ganyen, sai ya gane ashe itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturensa yana toho, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowa yana wuce irinsa kullum, shi ma ya sha wucewa. Abin da ya bambanta ran nan shi ne ya tsaya ya duba. Daga nan, musamman bayan yunwar 1984, manoma suka soma abin da mu ke kira sassaben zamani: a zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kan kututture a bar su, a datse sauran, a tsare su daga dabbobi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi a kan kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an dasa su ba.

Hakanan mutumin da masifa ta sare shi. Shi yana ganin fili fetal, amma saiwa tana nan: sana'ar da hannunsa ya iya, mutanen da ba su guje shi ba, hankalin da wahala ta koya masa. Ba zai gan su ba sai ya tsaya. In ya gan su kuma, kada ya ce zai raya duka a rana ɗaya. Ya zaɓi biyu ko uku ya kula da su.

Na biyu: a tausaya wa kai

A nan mun san waɗansu dattawa za su ɗaga gira. Za su ce, "Wannan ba son kai ba ne? Ba ƙofar ragwanci ba ce?" Tambaya ce mai kyau, bari mu amsa ta.

Mai son kai ya kan ce, "Ni ban yi laifi ba, na fi kowa." Rago ya kan ce, "Ba kome, a bar shi haka." Mai tausayin kansa kuwa cewa ya ke yi, "Abin nan ya faru, ya yi mini zafi, a wani wurin ma da hannuna a ciki. To, me zan gyara?" Ba ya ɓoye gaskiya, bulala ce kaɗai ya ajiye.

Wata malama a Jami'ar Tekzas, Kristin Neff, ta rubuta a kan wannan a shekarar 2003, ta ce tausayin kai ƙafa uku gare shi kamar murhu. Ta ɗaya, mutum ya yi wa kansa magana mai taushi. Ta biyu, ya tuna ba shi kaɗai ba ne, faɗuwa da hasara rabon kowane ɗan Adam ne. Ta uku ita ce lurar nan da muka ambata, watau ya dubi zafinsa daidai girmansa, kada ya rage, kada ya ƙara. In aka janye dutse ɗaya, tukunya ta kife.

Zancen ragwanci kuwa an gwada shi. A shekarar 2012 a Jami'ar Kaliforniya da ke Bakli aka ba ɗalibai jarrabawa mai wuya da gangan. Bayan sun sha kāshi, aka tuna wa waɗansu cewa da yawa sun sha wuyarta, kada su tsananta wa kansu. Da aka ba su damar shiri domin jarrabawa ta biyu, waɗannan ɗin su suka fi daɗewa suna karatu. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Jakin da a ke duka kullum ba ya ƙara sauri, taurin kai ya ke ƙarawa.

Ga ma'auni mai sauƙi. Da ƙanenka ne ya komo daga cin rani hannu wofi, me za ka ce masa? Za ka ce, "Sannu, rai ya fi dukiya, zauna ka sha fura." To, don me in kai ne sai ka ce, "Kai banza ne"? Bakin da ya iya yi wa maƙwabci ta'aziyya, kada ya zama wuƙa a cikin gida.

Ku tuna da gawo kuma. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya kamar matacce. Da rani, sa'ad da saura suka bushe, sai ya yi ganye ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyad da awaki da tumaki. Hatsin da ke ƙarƙashinsa ma ya kan fi na fili kyau, gama bai tare masa rana ba, ganyensa kuma ya zama taki. Watakila a cikin taron nan akwai wanda kowa ke murna shi zuciyarsa a bushe. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kada ka auna lokacinka da na tsaranka. Gawo bai yi latti ba, nasa lokacin ne dabam.

Abin da za a yi a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba da natsuwa cikin kwanciyar hankali ba, da wuya ya same ta ranar tashin hankali. Domin wannan ga abu huɗu da kowa zai iya, ko bai yi makaranta ba.

1. Da asuba, kafin a kunna rediyo ko a taɓa waya, ka zauna minti biyar. Ka bi numfashinka yana shiga yana fita har sau goma. In hankali ya gudu, ka komo da shi ba faɗa, kamar yadda a ke komo da ɗan maraƙi. Gudunsa ba kāsawa ba ne, komowar ita ce aikin.

2. Ka kira abin da ka ke ji da sunansa: wannan tsoro ne, wannan kewa ce, wannan kunya ce. Abin da aka san sunansa ya fi sauƙin ɗauka.

3. Ka tambayi kanka, "Wane lokaci ni ke ciki, mene ne aikinsa?" Aikin mai makoki shi ne ya yi makoki, ya ci abinci, ya yi barci. Aikin baƙo a sabon gari shi ne ya koyi hanyar rijiya da sunan maƙwabta. Sauran ya jira.

4. Ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce abin da ke zuciyarka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kashedi guda wanda ba za mu rufe baki ba sai mun faɗe shi. In baƙin ciki ya kwana ya wuni a kan mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, barci ya ƙaurace, abinci ya fita ransa, aiki ya gagara, ko kuwa ya soma cewa gara mutuwa, to wannan ya wuce bazarar da a ke jira ta wuce. Ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani. A raka shi wurin likita, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a ce masa rashin haƙuri ne. Ku iyaye mata, ku sa ido musamman a kan mai jego, gama irin wannan ya kan same ta a lokacin da kowa ya ke zaton murna ta ke yi.

Ku dattawa da ƙarfi ya soma ja da baya, kada ku raina kanku domin hauya ta yi muku nauyi. Inuwa ma aiki ce. Ku samari da 'yan mata da ke bakin sabuwar hanya, sannu ba ta hana zuwa. Mu duka kuwa, sa'ad da muka koma garuruwanmu, bari kowa ya nemi mutum ɗaya wanda ke cikin raninsa, ya zauna kusa da shi, kada ya gaggauta shi.

Allah shi ba mu ido mai lura da zuciya mai taushi, shi kai kowa gidansa lafiya.