Ƙafar Makiyayi Ita Ce Jarinsa

Jawabin da jami'in ƙungiya ya yi wa makiyaya da fataken dabbobi a Zighan, kusa da Sabha

 

Yau maganar ƙafa na kawo muku. Duk wanda ke bin raƙuma ko awaki a nan Fezzan, ko mai kora dabba zuwa kasuwar Sabha, da ƙafa yake neman abincinsa. Akwai wani ciwo da ke cin ƙafar nan a ɓoye, shi ne toshewar jijiyoyin jini. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a shekarar 2010 mutum miliyan 202 ne ke da shi a duniya.

Kun san tiyon ban ruwa na gonakin nan. In datti ya taru a ciki, ruwa kaɗan ke isa ga shuka. To, haka kitse ke manne wa cikin jijiyar da ke kai jini ƙafa, hanya ta matse. Babban mai jawo wannan shi ne taba, sigari ce ko shisha. Sai ciwon sukari, da hawan jini, da yawan kitse a jini, da kuma girma, musamman in mutum ya haura 60.

Ga alamar farko, ku riƙe ta da kyau. Mutum na tafiya sai sha-raɓarsa ta ɗaure da ciwo. In ya tsaya 'yan mintoci sai ta saki, in ya ci gaba sai ta dawo. Mu kan ce gajiya ce ko sanyi, alhali jini ne ba ya isa. Daga baya ƙafar ta riƙa sanyi fiye da 'yar'uwarta, gashinta ya zube, farce ya yi kauri. In abin ya yi nisa, yatsu su hana mutum barci, sai ya sauko da ƙafar ƙasa ya ji sauƙi. Ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, yatsa ya yi baƙi, ƙarshenta a yanke ƙafa. Mai ciwon sukari kuwa ƙaya na iya soke shi, ko rairayi mai zafi ya ƙona shi, bai ji ba.

Don Allah irin wannan ƙafa kada a yi mata tsaga, ko ƙaho, ko lalas, kada kuma a gasa ta a wuta. Raunin da aka yi mata da wuya ya rufe.

Abin yi shi ne a je asibiti tun da wuri. Likita zai auna jini a hannu da idon sawu ya gwada, ya duba sukari, ya ba da magani. A bar taba gaba ɗaya. A rage sukarin shayi. A ci gaba da tafiya, ana hutawa in ciwon ya taso, domin tafiyar ma magani ce. A sa takalmi, a duba tafin ƙafa kowane dare. In kuwa ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, da ciwo mai tsanani, a nemi mota zuwa asibitin Sabha nan take, kada a kwana.

Ku sani toshewar da ta kama ƙafa tana iya kama jijiyar zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Kowa ya isar da wannan saƙo ga waɗanda muka baro a daji wurin dabbobi.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya yi wa dukiyarmu albarka.