Kalmar "Compact": Daga Daɓen Jinga Zuwa Takardar Alkawari

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Haɗeja



Duk Bahaushe ya san kalmar "ci". Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana kuma cin amana. Kalma ɗaya ce, amma ba wanda yake rikicewa, domin abin da ya biyo bayanta shi ke nuna inda ta dosa. To, Turanci ma yana da irin waɗannan kalmomi. Wadda za a duba yau ita ce "compact", ana faɗinta kamar "kwamfak". An zaɓe ta ne domin tana fitowa daga bakin malamin gona, da injiniya, da mai karanta labarai a rediyo, kuma kowannensu da abin da yake nufi.

Ma'ana ta farko ita ce danƙarewa, wato a matse abu har ya zama ba sarari a cikinsa. Matan da ke daɓen ɗaki da madaɓi, wannan aikin suke yi. Motar nan mai nauyi da ke bin sabuwar hanya tana danne jar ƙasa, ita ma haka.

A ƙasar Haɗeja wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda mutane suka kwana a bakin jinga da buhunan ƙasa. Jingar da aka tara wa ƙasa kawai aka tafi, tana da ƙananan ramuka a ciki. Ruwa zai bi ramukan nan yana tsattsafowa, yana ɗibar ƙasa kaɗan-kaɗan, har wata rana ta ɓalle. Shi ya sa ake zuba ƙasa hawa-hawa, kowane hawa bai wuce tsawon tafin hannu ba, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sannan a ƙara wani. Idan injiniya ya ambaci kalmar a wurin aikin jinga, wannan daɓen yake nufi. Kuma dagaci ko ɗan kwamitin gari yana da ikon ya tsaya ya ga an yi shi, tun da ba gidan ɗan kwangila ruwa zai ci ba.

Amma abin da ke gyara jinga shi ke ɓata gona. Idan malamin gona ya ce ƙasar fadama ta zama "compact", ba yabo ba ne. Yana nufin ta danƙare, saiwa ba ta iya ratsa ta, ruwa kuma yana kwanciya a sama. Abin da ya fi kawo haka shi ne shigar da tarakta cikin laka tun ba ta sha iska ba. Maganinsa haƙuri har ƙasa ta tsane, da yawan zuba takin gargajiya.

Daga nan ne kalmar ta samu ma'anar ƙaramin abu mai ɗauke da kaya da yawa. Harafin C na faifan CD, farkon wannan kalma ne. Ɗan gwangwanin hoda mai madubi da mata ke sa wa a jaka, shi ma sunansa ke nan. Haka ƙaramar mota.

Ma'ana ta biyu ba ta da dangantaka da daɓe. Ita ce yarjejeniya, wato alkawari tsakanin ɓangarori biyu ko fiye, kowa ya ɗauki nasa nauyi. Wannan ita ce ake yawan ji a rediyo. Alal misali, a 2016 Jamhuriyar Nijar da Amurka suka sa hannu a kan irin wannan takarda ta dala miliyan 437, kuma daga cikin kuɗin aka gyara magudanan noman rani na Birnin Ƙonni. A watan Janairu na 2023 shugabannin Afirka suka taru a Dakar tare da Bankin Raya Ƙasashen Afirka, ƙasashe suka gabatar da nasu alkawuran a kan samar da abinci, da wannan suna. A watan Nuwamba na shekarar aka ƙaddamar da noman alkama na rani a nan Haɗeja, da rangwamen rabin kuɗin iri da taki, da rancen wannan banki.

Akwai kuma ta kiwon lafiya. Ran 12 ga Disamba, 2023, Gwamnatin Tarayya da gwamnonin jihohi da masu ba da agaji suka ƙulla ta a Abuja. Gwamnati ta ce za a ninka ƙananan asibitocin da ke samun kuɗin aiki, daga kimanin 8,800 zuwa fiye da 17,000 kafin ƙarshen 2027. Ba kyauta ba ce ta ganin dama. Alkawari ne a rubuce, Jigawa na ciki. Don haka matar da ta je awo ta tarar da ƙofa a kulle, tana da hujjar tambaya.

Yaya mai karatu zai gane wadda ake nufi? Ya duba maƙwabtan kalmar. In tana tare da ƙasa, hanya ko jinga, daɓe ne. In tana jikin kayan kanti, ƙanƙanta ce. In kuwa tana saman takarda, a ƙasa ga layin sa hannu da hatimi, to alkawari ne, kuma alkawari kaya ne.

Idan aka kawo wa ƙungiyar manoma irin wannan takarda, kada kowa ya dangwala yatsa sai an karanta ta da Hausa a gaban jama'a. A tambaya: me za a ba manomi, kuma yaushe? Me shi zai biya, kuɗi ne ko buhun amfanin gona? Idan ruwa ya ci gonar, wa zai ɗauki asarar? Sakataren ƙungiya ya rubuta amsoshin a littafinsa, ya kuma karɓi kwafe ɗaya na takardar ya ajiye.