Makullin Kwamfutocin Makarantarmu: Jawabin Tsohon Hedimasta a Taron Shekara-Shekara

Mai girma Hakimi, shugaban ƙungiya, iyayenmu, da 'yan'uwa mazauna birane da kuka baro harkokinku domin wannan taro, barkanku da zuwa gida.

Muna godiya bisa tsofaffin kwamfutocin da kuka tattaro kuka aiko wa makarantar garinmu. Da yake sun kwana biyu, ba za su iya ɗaukar sabuwar Windows ba, sai 'ya'yanmu masana suka ɗora musu manhajoji marasa nauyi daga dangin Linux, wanda Linus Torvalds ya faro a ƙasar Finland cikin 1991. Wasu an sa musu Lubuntu, waɗanda suka fi tsufa kuwa Puppy Linux, wadda Barry Kauler na Ostireliya ya fitar a 2003. Injinan da aka fid da rai da su, ga su suna aiki.

Sai dai mun gina ɗaki mun manta da ƙyaure. Zangon da ya wuce, makin jarrabawar aji guda ya salwanta daga kwamfutar ofis, malamai suka kwana uku suna sake tattara shi daga takardu. Ba a san wanda ya goge ba, domin kowa ta ƙofa ɗaya yake shiga. Puppy Linux, da zarar an kunna ta, kai tsaye take shigar da mutum a matsayin root, wato mai cikakken iko, ba tare da ta tambayi komai ba. Kalmar sirrin da take zuwa da ita, woofwoof, sananniya ce a intanet. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A zamanin aikinmu, rajistar makaranta a kabad take kwana, makulli kuma a aljihun hedimasta. Kalmar sirri ita ce makullin yau, kuma gyaran ba ya cin ko kwabo.

Na farko, a canza kalmar da umarnin passwd. Za a nemi a rubuta sabuwar sau biyu, kuma ba a ganin haruffan yayin bugawa. Kada wannan ya firgita kowa. Amma canza kalma kaɗai bai isa ba, sai an kashe tsarin shiga kai tsaye, in ba haka ba an sayi kwaɗo ne an bar ƙofa a buɗe.

Na biyu, a kwamfutocin Lubuntu a buɗe wa kowane malami asusunsa, ɗalibai kuma nasu daban, marar ikon taɓa tsarin injin. Makin jarrabawa a can ya kamata ya zauna.

Na uku, kalmar ta yi tsawo. Kalmomin Hausa huɗu da ba su da dangantaka sun fi sunan ɗa ko shekarar haihuwa. A guji haruffa masu ƙugiya, domin ba kowane allon bugu ke fitar da su ba.

Na huɗu, a rubuta babbar kalmar a rufe cikin ambulan, a damƙa wa hedimasta da sakataren ƙungiya. Malamai ana yi musu canjin wurin aiki. Kada wani ya tafi da makullinmu a kansa. Duk ranar da mai riƙe da ita ya tashi, a sauya ta.

Roƙonmu shi ne, kafin ku koma birni, mutum biyu daga masananmu su ba da yini ɗaya su kammala wannan aiki tare da malamai.