NAƘASASSU DA NEMAN ABINCI A ƘASAR TAMBUWAL DA KEBBE



1. Gabatarwa

Wannan lacca za ta duba tambaya ɗaya ce: shin ta wace hanya makaho ko gurgu ko kurma ko kuturu na ƙasar Tambuwal da Kebbe zai ci abinci ba tare da ya miƙa hannu ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wata naƙasa babba. Watau kusan mutum ɗaya ke nan cikin shida. Ashe ke nan da wuya a sami zuri'ar da maganar ba ta shafa ba.

2. Abin da harshe ya nuna

A da ana cewa naƙasassu, ko musakai kamar yadda aka fi ji a ƙasar Sakkwato. Yanzu hukumomi sun fi son a ce masu buƙata ta musamman. Sauya suna abu ne mai kyau, amma Bahaushe ya riga ya gano bakin zaren tun da daɗewa, inda ya ce kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Ma'anar karin maganar ita ce, wanda ake ƙyamar ya taɓa kwano, in yana da abin hannunsa, shi ke zaɓen wanda yake so. Ke nan rainin da ake yi wa musaki rabinsa na talauci ne.

3. Tsarin gargajiya

Masarautun ƙasar Hausa ba su bar musakai kara-zube ba. Akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta rigingimun mutanensu, su karɓi baƙi, su raba sadaka, su kuma kai kukansu fada. Wannan tsari ya ba su murya da mafaka. Sai dai yawancinsa a kan bara ya dogara, har aka wayi gari yaron da ya makance ana ganin an riga an yanke masa sana'a.

Alhali kuwa addini bai yanke masa ita ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci a Madina, kuma Annabi (S.A.W.) ya sha wakilta shi a kan garin idan zai fita. A ƙasar Hausa ma, Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya makance tun yana yaro, duk da haka ya wallafa Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Abin da ya raba irin waɗannan da mai kwanon bara shi ne ilmi.

4. Asibiti da makaranta

Naƙasa mai yawa a wannan yanki daga cututtukan da ake iya karewa take fitowa: ƙyanda da amosanin ido da yanar ido kan makantar, sanƙarau kan kurmantar, shan-inna kan gurguntar. An sami ci gaba ta wannan fuska. Tun shekarun 1930 'yan Mishan suka riƙa kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, yau kuma kuturta tana warkewa da magani wanda ake bayarwa kyauta. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu ciwon noma a Sakkwato. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, magidanta ne masu iyali.

Ta fuskar karatu, makarantar makafi ta farko a ƙasar nan ita ce ta Gindiri, wadda aka kafa a 1953. A Jihar Sakkwato kuwa akwai makarantar A. A. Raji a cikin birni. Tsakanin Tambuwal da Sakkwato tafiyar kimanin kilomita ɗari ce, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka. Uban da ke noman damina a Kuchi ko Jabo ko Dogon Daji, ba ƙaramin abu ba ne ya ɗauki 'yarsa kurma mai shekara bakwai ya kai ta wannan nisa ya baro.

5. Alawus da doka

Zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko (2007 zuwa 2015) gwamnatin jiha ta shiga biyan dubban musakai Naira 6,500 kowane wata don rage bara. A shekarar da ya hau mulki mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 5,500 ne. A 2024 kuwa an mai da shi Naira 70,000. Wannan ya isa ya nuna cewa alawus yana narkewa idan tsada ta zo, sana'a kuwa tana bin farashin kasuwa.

Ita ma doka ta sha doguwar tafiya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin a 2011, ta sake zartarwa a 2015 lokacin da Aminu Waziri Tambuwal, wakilin mazaɓar Kebbe da Tambuwal, yake shugabantar Majalisar Wakilai, amma Shugaba Jonathan bai sa hannu ba. Sai a watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu, bayan shekaru ƙungiyoyin naƙasassu suna matsa lamba. Dokar ta tanadi a ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ta hana nuna musu bambanci, da tarar Naira miliyan ɗaya ga kamfani, ko Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ta hana a yi amfani da su wajen bara, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen hukuma yadda mai keke zai iya shiga. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan aiki.

6. Inda gizo ke saƙar

Kashi biyar ɗin nan na mai takardar shaida ne. Wanda bai shiga aji ba, ko an ware masa gurbi ba zai iya cika shi ba. Bugu da ƙari, mutanen Tambuwal da Kebbe galibinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, aikin ofis kaɗan ne a wurinsu. Saboda haka abubuwa huɗu suka kamata.

Na farko, a buɗe aji na makafi da kurame a cikin makarantun firamare na manyan garuruwa, da malamin da ya iya rubutun makafi da maganar hannu, domin yaro ya yi karatu ya kwana gidan ubansa. Na biyu, a haɗa matasa da masu sana'a na gari: ɗinki, dukanci, gyaran waya, tukar igiya, kiwon tumaki, sayar da albasa da hatsi. Guragun Kano sun nuna hanya, don su ke ƙera kekunan hannu da kansu suna sayarwa. Na uku, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da attajirai su fi karkata ga ba da jari da kayan aiki a kan rabon kwano-kwano. Na huɗu, a sa sarakunan musakai da ƙungiyoyinsu, har da mata, cikin kowane kwamitin da ke ƙidaya su ko raba musu wani abu, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake yoyo.

7. Kammalawa

An ga cewa gargajiya ta ba musaki mafaka, asibiti ya rage masu shiga sahunsa, doka kuma ta ba shi haƙƙi a rubuce. Abin da ya rage shi ne aji kusa da gida da sana'a a kasuwar garinsu, kuma wannan nauyi ne na ƙananan hukumomin nan biyu da hakimai da malamai da iyaye. Mai lafiya ya tuna cewa haɗarin mota ɗaya a kan hanyar Jega, ko yanar ido ta tsufa, ta isa ta mai da shi cikin waɗanda ake wannan magana a kansu.

Allah ya sa a dace. Wassalamu alaikum.